Ba A Ɗiga Sai An Duba: Lacca Kan Maganin Ido Mai Sitiroyid

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu ji da gani, Ya kuma tara mu lafiya. Ina gaida iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah Ya ja zamaninku. Ina gaida malamanmu da limamai, Allah Ya gafarta muku. Ina gaida ma'aikatan lafiya da masu shagunan magani da malaman makaranta, sannan ina gaida iyaye mata, waɗanda a hannunsu kwalbar da zan yi magana a kanta ta fi daɗewa.

Kwalbar 'yar ƙarama ce, ba ta fi babban yatsa ba. Akwai ta a kemis daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, akwai ta kuma a farantin mai tallar magani ranar kasuwa. Mutum ya zo ido ja wur, a miƙa masa ita, ya ɗiga da dare, gari na wayewa ya ga ja ya ragu, ƙaiƙayi ya lafa. Abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne wannan: maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid magani ne mai daraja, amma amfaninsa a fili yake, cutarwarsa kuwa a ɓoye take, kuma tana zuwa ne a makare. Duk abin da halinsa ya zama haka, gwaji da sabo ba za su taɓa koya wa jama'a hatsarinsa ba. Don haka ba a barin hukuncinsa a hannun mai ciwo ko mai sayarwa. Sai wanda ya duba cikin idon, ya auna shi, shi ke da ikon cewa a ɗiga ko kada a ɗiga.

Mu fara da ba wa maganin haƙƙinsa. Jikin ɗan Adam da kansa yana sarrafa irin wannan sinadari a wasu 'yan ƙulle-ƙulle biyu da ke zaune a saman ƙoda. A 1948 wani likita mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya gwada sinadarin kotizon a kan wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein, kuma a waɗannan shekarun ne likitocin ido suka fara ɗiga shi. Aikinsa ɗaya ne: yana kwantar da dakarun garkuwar jiki. Kumburi da ja da zafi alamu ne na yaƙin da jiki ke yi, to wani lokaci yaƙin yakan wuce kima har ya fi cutar ɓarna. Akwai kumburin da ke tashi a can cikin ƙwayar ido, wanda in an bar shi zai manne sassan ido da juna ya makantar. Akwai kumburin da ke biyo bayan aikin cire yana. A irin waɗannan wurare sitiroyid ya ceci idanun da ba sa ƙirguwa, kuma babu likitan idon da zai yarda a raba shi da shi. Sai dai a lura da abin da ba ya yi. Ba ya kashe ƙwayar cuta ko guda. Yana sa jiki ya sauke makami ne kawai, ko akwai abokin gaba a fili ko babu.

Duk wanda ya iya karanta boko zai iya gane shi a jikin kwali. Sunayen da za a gani su ne Dexamethasone, Betamethasone, Prednisolone, Hydrocortisone da Fluorometholone. Yawancinsu suna ƙarewa da "sone" ko "lone". Sau da yawa ana haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwalba ɗaya, kamar Betnesol-N da Maxitrol da Tobradex, kuma wannan haɗin ne ya fi ruɗar mutane, domin ana ɗaukarsa maganin kowane irin ciwon ido.

Ɓarnar farko tana faruwa ne a inda mai ido ba ya ji. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ke ɓuɓɓugowa dare da rana, yana ciyar da sassan gaba, sannan ya fice ta wata 'yar kafa mai ƙananan huji. Kalmarmu ta rariya ta dace da ita ta fuska biyu, don tana tacewa kamar rariyar tankaɗe, tana kuma fitar da ruwa kamar rariyar gindin katanga. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa da gidan ƙasa idan rariya ta toshe da damina. A jikin wasu mutane, sitiroyid yana sa wannan kafa ta cushe a hankali. Ruwa ya ci gaba da shiga, fita ta ragu, matsi ya hau. Matsin ido mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci. Idan ya wuce haka ya daɗe, sai ya riƙa danne jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Zaren da ya mutu ba ya dawowa. Wannan ita ce cutar gilakoma, wadda muke kira hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Tana cin gani ne daga gefe tana matsowa tsakiya, ba zafi ba ja, har sai mutum ya fara tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa.

An daɗe da auna wannan. A farkon shekarun 1960, likitoci biyu a Amurka, Mansour Armaly da Bernard Becker, kowanne da nasa binciken, sun ɗiga wa masu lafiyayyun idanu sitiroyid na tsawon mako huɗu zuwa shida suna auna matsi. Sun tarar kusan mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa ya hau, kuma kimanin biyar cikin ɗari ya hau musu ƙwarai da gaske. Wanda ke da gilakoma, ko yake da ita a danginsa na kusa, ya fi saurin kamuwa. Ƙananan yara kuma nasu yakan hau da sauri fiye da na manya. Babu wata alama a fuska da za ta nuna wane ne cikin ukun. Idan aka gane da wuri aka janye maganin, matsin yakan sauka cikin makonni. Idan aka ɗauki watanni ko shekaru ana ɗigawa, abin da jijiya ta rasa ya tafi ke nan. Bayan wannan, doguwar ɗigawa tana haifar da yana a idon da shekarunsa ba su kai na yana ba.

A nan ne batun yaranmu ya shigo. Akwai wani ciwon ƙaiƙayin ido da ya yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙura irin tamu. Yakan fara kafin yaro ya kai shekara goma, ya fi kama maza, yana tsananta da hunturu da bazara. Yaro ya yi ta murza ido, hawaye na zuba, yana gudun hasken rana, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Uwa ba ta iya kallon wannan ta zauna. Ranar da aka fara ɗiga masa sitiroyid sai ta ga kamar an yi ruwa an ɗauke. Da kwalba ta ƙare ciwon ya dawo, sai ta ba yayansa tsohon kwalin ta ce a sayo irinsa. Haka za a yi ta yi, shekara na bin shekara. Abin baƙin cikin shi ne, wannan ciwo a yawancin yara yakan lafa da kansa bayan balaga. Sai ƙaiƙayin ya tafi, ya bar saurayi ɗan shekara goma sha biyar da jijiyar dattijo. An sayi makantar dindindin don gudun ciwon da ke da wa'adi. Alhali akwai magungunan ɗigawa na ƙaiƙayi marasa wannan hatsari, irin su Sodium Cromoglycate da Olopatadine da Ketotifen, da wanke fuska da ruwa mai sanyi mai tsabta. Idan ciwon ya tsananta har yana barazana ga baƙin ido, likita yakan ba da sitiroyid na ɗan gajeren lokaci yana aunawa, sannan ya janye.

Ɓarna ta biyu ta manoma ce, kuma ta fi ta farko sauri. Yankinmu wuri ne da gona ke haɗe da gona, babu saura babu daji, ƙasar da masani Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazari saboda yawan jama'arta da yadda ake nomanta kowace shekara ba hutu. Ma'anar wannan ita ce kusan kowane gida yana cikin kara da karmami da kaka. Hausa da hikimarta ta sa wa dusar da ke tashi wajen sussuka da shiƙa suna ɗaya da abin da take jawowa, wato ƙaiƙayi. Ganyen dawa ya shafi ido, ko tsinken zangarniyar gero ya faɗa, sai ya karce tantanin nan mai sheƙi da ya rufe baƙin ido. Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jikin tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin fumfuna, dangin masu ɓata hatsi a rumbu, kuma ta wannan tsagar suke shiga. Jiki ya tashi yaƙi, ido ya yi ja. Idan a wannan lokaci aka ɗiga sitiroyid, an sallami masu gadi ne ɓarawo yana cikin gida. Zafi ya ragu kwana biyu ko uku, mai gona ya koma aikinsa, gyambo kuwa yana ci yana nitsewa. Ƙarshensa ko hakiya ta rufe baƙin ido, ko idon ya huje. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka gauraya a kwalbar ba ya taɓa fumfuna. Haka kuma akwai ƙwayar bairos ta hafis, mai fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, wadda in ta kama baƙin ido sitiroyid ke sa gyambonta ya bazu. Ko a gyambon da bakteriya ta haddasa, wani babban gwaji da aka yi wa mutum 500, yawancinsu a asibitocin Aravind na Indiya, aka wallafa a 2012, ya nuna ƙara sitiroyid a kan maganin da ya dace bai ƙara wa jimillar majinyatan gani ba bayan wata uku. Wannan fa a hannun ƙwararru ne, bayan an tabbatar da irin ƙwayar cutar a ɗakin gwaji.

Tushen ruɗanin shi ne muna kiran abubuwa da yawa da suna ɗaya. Jan ido alama ce, cututtukan da ke bayanta sun bambanta. Afolo, wanda aka fara gani a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, bairos ne, yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Amosanin ido bakteriya ce, maganinsa Azithromycin ko man Tetracycline da tsabtar fuska. Idon yaron da ƙyanda ta kama yana buƙatar bitamin A. Ga gyambo, ga ƙaiƙayin yara, ga kumburin cikin ido. A bakin kanta duk ja ne. Kaɗan daga ciki ne ke buƙatar sitiroyid, wasu ba ya ƙara musu komai, wasu kuma shi ne ajalin idon.

Kada a ɗauka rasa gani ƙaramin al'amari ne a ƙasarmu. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, inda aka duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce ta fi yawansu. Yana ce kan gaba wajen jawo makanta, gilakoma na biye da ita da kusan kashi 17 cikin ɗari. Nazarin da Dakta Fatima Kyari ta jagoranta a kan wannan bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin ashirin a wannan rukuni yana da gilakoma, kuma fiye da tara cikin goma ba su san suna da ita ba. Ba ina cewa sitiroyid ne ya jawo waɗannan ba. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, a cikin dattawan da ke tsayawa gaban kanta suna neman maganin jan ido, akwai masu ɗauke da cutar a ɓoye, kuma su ne maganin ya fi yi wa illa.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, domin suna da hujjoji. Na farko zai ce: gani ya kori ji, mun ɗiga mun ga aikinsa. Gaskiya ne ya gani. Amma me ya gani? Ya ga ja ya tafi. Bai ga matsin da ke hawa ba, don ba a ganinsa sai da na'ura. Kuma tsakanin ɗigon farko da dushewar gani akwai watanni ko shekaru, ta yadda ranar da duhu ya zo ba wanda zai tuna da kwalbar. Za a ce gado ne, ko sammu, ko tsufa. Maganin da ke cutarwa nan take jama'a da kansu suke gudunsa. Wanda ke daɗaɗawa yau ya cutar baɗi, yabonsa ake yi har a kai shi gidan maƙwabci.

Na biyu zai ce: ai likitoci ma suna rubuta shi. Suna rubutawa, amma da sharuɗɗa uku da ba sa cikin kwalin. Sun duba baƙin ido sun tabbatar babu gyambo, sun yanke adadin kwanaki tare da rage ɗigo a hankali, sun kuma ce a dawo a auna matsi. Takardar likita ta mutum ɗaya ce, ta ciwo ɗaya, ta lokaci ɗaya. Wanda ya maimaita ta da kansa, ko ya ara wa ɗan'uwansa ragowar maganin da aka ba shi bayan aikin yana, ya ɗauki wuƙar wanzami ne ba tare da hannun wanzami ba. A nan zan ƙara gargaɗi: wanda ya daɗe yana ɗigawa, ko likita ya ɗora shi a kai saboda kumburin cikin ido, kada ya ji wannan lacca ya yanke yau da kansa, don kumburin na iya dawowa da ƙarfi. Ya ɗauki kwalbar ya tafi da ita asibiti a cikin makon nan.

Na uku zai ce: tunda biyu cikin uku ba abin da ke samunsu, me ya sa za a hana kowa? Amsa ita ce mu auna abin da ake samu da abin da ake rasawa. Ribar ita ce sauƙin 'yan kwanaki daga ciwon da galibi ke da wani magani marar hatsari. Hasarar ita ce ido. Babu manomin da zai zuba wa gonarsa maganin feshin da aka ce yana ƙone gona ɗaya cikin uku, alhali ba a san wacce ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Mai ita zai ce: Malam, kana maganar likitan ido, ina yake? Asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943, a cikin birnin Kano yake. Asibitin ido na Makka, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Murtala, duk a birni suke. Mutumin Shuwaki ko na Gurum da ke tsakiyar girbi zai bar gona, ya biya kuɗin mota, ya yini a layi? Idan kuma aka hana shi na kemis, zai koma ɗiga ruwan ganye ko nonon uwa ko ruwan sukari, har da abin da ya fi haka muni. Wannan magana gaskiya ce, kuma saboda ita ne nake cewa laifin ba na talaka ba ne. Mai kemis ma sau da yawa shi kaɗai ne ke buɗe da dare a ƙauye. Amma nisan asibiti hujja ce a kan kwalbar, domin inda babu mai aunawa a nan hatsarinta ya fi girma. Kuma zaɓin bai tsaya tsakanin sitiroyid da ruwan ganye ba. A gundumar Bhaktapur ta ƙasar Nepal, wadda ita ma ta manoma ce, an koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye su gano karcewar ido da wata 'yar takarda mai rini, wadda ke sa wurin da ya karce ya yi kore a ƙarƙashin shuɗin haske, sannan su ba da man Chloramphenicol na kwana uku. A rahoton da aka wallafa a 2001, cikin mutum 442 kashi 96 cikin ɗari sun warke ba gyambo, kuma waɗanda suka zo cikin awa 18 na farko babu ko ɗaya da ya yi gyambo. Takarda mai rini, da tocila, da man shafawa mai araha: babu abin da ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na mazaɓa a cikinsu.

Saboda haka kirana ya kasu. Ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙananan hukumomi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin horar da ma'aikatan matakin farko kan kula da ido a Afirka tun 2018. A horar da namu da shi, a ba su rini da tocila, a kuma ajiye na'urar auna matsin ido da ma'aikacin da ya iya ta a manyan asibitocin Bichi da Ɗambatta da makamantansu, a yi ranar duba ido da ta dace da ranar kasuwa. Ga hukumar NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna: matakin da aka ɗauka a farkon 2024 na tayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Ɗangwauro ya nuna ana iya tsara bakin rijiya. A bi sawun abin da ke fita daga can zuwa ƙauye, domin lasisin mai ƙaramin kemis bai ba shi izinin sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Ga 'yan'uwana masu shaguna: ku ne mutane suka amince da ku har suke kiranku likita. Ƙungiyarku ta yanke shawara guda, kada wani ya sayar da abin da maƙwabcinsa ya ƙi sayarwa. Idan mutum ya zo da ido ja kuma ganinsa ya ragu, ko yana jin zafi mai tsanani, ko akwai farin ɗigo a baƙin idon, ko wani abu ne ya soke shi, ko jariri ne mai kwantsa, to taimakon da za ku yi masa shi ne ku tura shi asibiti a ranar. Ga malaman makaranta, na boko da na allo: yaron da ke yawan murza ido, ku tambayi iyayensa abin da ake ɗiga masa.

Malamanmu kuma, Allah Ya gafarta muku, ku kuka fi ni sanin cewa imani da ƙaddara bai ɗauke wa bawa riƙo da sababi ba, kuma ido amana ne da za a tambaye mu a kansa. Minti biyu bayan sallar Juma'a da kaka zai kai wannan saƙo inda ma'aikacin lafiya ba zai kai ba.

Iyayena mata, da ku zan rufe. Yau in kun koma gida, ku duba cikin kwalla da saman taga da ƙarƙashin katifa, ku fito da duk kwalbar maganin ido da ke nan. Ku ba ɗan makaranta ya karanta sunan. In ya ƙare da "sone" ko "lone" kuma ba likitan ido ne ya rubuta wa mai ɗigawa shi a wannan karon ba, ku kai yaron da kwalbar tare a duba. Tausayin da ya sa kuka saya, shi ne zai kai ku asibiti. Ƙa'idar gajeriya ce, kowa zai iya riƙe ta: ba a ɗiga sai an duba, ba a ci gaba sai an auna.

Allah Ya tsare mana ganinmu da na zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu ga amfanin gonakinmu da idanunmu.